Bolk lodin: ka sayi fim dogo guda, ka naɗa da kanka a gida

Masu ɗaukar hoto da kyamarar fim, waɗanda har yau suna nan kuma matasa sai ƙara shigowa harkar suke, za ka yawan ji suna cewa bolk lodin. Abin da suke nufi shine maimakon ka riƙa sayen fim ɗai-ɗai a cikin ɗan gwangwaninsa, sai ka sayi dogon naɗi guda ka riƙa yanka kana naɗawa a gwangwanayen da ake sake amfani da su, kamar dai wanda ya shiga Kantin Kwari ya ɗauko bandir guda ya zo gida yana yankar yadin da yake so. Naɗin yawanci ƙafa 100 ne, wato mita 30.5, shi kuma fim mai hoto 36 yana cin wajen mita 1.6, kaga kenan za ka fitar da gwangwani kusan 18.

Kuma fa ba sabon abu bane, da haka ma aka fara. Kyamarar Leica da Oskar Barnack ya ƙera a Jamus, wadda ta shiga kasuwa a 1925, fim ɗin sinima mai milimita 35 take ci, mai hoto da kansa yake shiga ɗakin duhu ya yanka ya cika gwangwaninsa, sai a 1934 Kodak ta fito da wanda aka riga aka naɗa daga kamfani.

Kayan aikin ba yawa: na'urar naɗi da suke kira loda (irin su Watson da Lloyd's), gwangwanaye, almakashi, salatif, sai baƙar jakar nan mai hannun riga biyu da haske baya shiga. Toh wuri ɗaya ne duk haɗarin yake, lokacin da za ka buɗe dogon naɗin ka saka shi cikin loda. Nan duhu ake so na gaske, ba duhun an ɗauke wuta ba, ɗan hasken da ke leƙowa ta ƙasan ƙofa ko 'yar fitilar caja ya isa ya ƙona maka fim ɗin, ita ma jar fitilar da ake gani a ɗakin wanke hoto ta takarda ce, fim bata ƙyale shi. Da lalube za ka yi komai, ka rufe murfi ka tabbatar ya zauna kafin ka zaro hannu. Daga nan sauran aikin a sarari ake yi, ka liƙa bakin fim a jikin ɗan bututun tsakiyar gwangwani da salatif ta gefe biyu dan kar ya fizge a cikin kyamara, ka rufe gwangwani, ka rufe ƙofar loda, ka riƙa juya hannu kana ƙirgawa, ka ƙara kamar hoto uku ko huɗu saboda farko da ƙarshe, ka yanke ka fitar masa da harshe. Wancan ƙarshen da ka liƙa ya riga ya sha haske, saboda haka hoton da ke da muhimmanci kar ka bar shi ya zama na ƙarshe.

Ni gaskiya ba arahar ce ta fi jan hankalina ba, duk da akwai ta, musamman a fim baƙi da fari irin Fomapan na ƙasar Cek ko Kentmere da HP5 na Ingila. Abin da ya fi min shine kai ke yanke tsawon, in gwaji za ka yi ka naɗa 10 ko 12 ka ɗauka ka wanke yau ka ga kuskurenka yau, mai koyo wallahi babu abin da ya kai wannan amfani a wajensa. Amma kar ka wuce 36 dan kwaɗayi, zai cushe ya riƙa cijewa.

Sai maganar ƙura, wadda duk wanda ya san hunturu ya kamata ya ɗauka da gaske. Bakin gwangwanin nan akwai wani baƙin ƙyalle mai laushi da ke tare haske, ƙwayar yashi ɗaya in ta maƙale a ciki zata ja layi tun daga hoton farko har na ƙarshe kuma ba gyara. Ka riƙa goge shi da gefen salatif mai danƙo, ka adana a roba mai murfi, wanda ya tsufa ka jefar. Ragowar naɗin kuma firji, amma ka bari sanyin ya sake shi kafin ka buɗe dan kar ya yi gumi.

Yawancin gwangwanayen nan basu da tambarin DX da Kodak ta kawo a 1983, wanda ƙananan kyamarori masu sarrafa kansu ke karantawa su gane ISO (lambar da ke nuna saurin fim wajen kama haske), da yawansu in basu gani ba sai su ɗauka 100 ne ko da fim ɗinka 400 ne, dan haka ka rubuta a jiki, kuma ka yi aiki da kyamarar da zaka saita da hannu. In kuma fim ɗin sinima ka naɗa irin tsohon Kodak Vision3 mai baƙin shafin nan na remjet a bayansa, dan Allah ka faɗa wa mai wanki tun kafin ya karɓa, wankinsa daban ne, ana ce masa ECN-2, in ya jefa shi a injin C-41 da ake wanke fim mai kala na yau da kullum baƙin zai narke ya ɓata masa magani har da fim ɗin sauran mutane.