Abin da ƙwayoyin ƙasa ke yi da zinariya, da abin da suke yi da zaiba

Wanda ya taɓa ganin ƙwayar zinariya tana walƙiya a gindin kwanon taciya zai ɗauka tun fil azal haka take kwance, ba abin da ke taɓa ta. A 2006 wani masani mai suna Frank Reith da abokan aikinsa suka ɗebo irin waɗannan ƙwayoyi daga wuraren haƙa biyu a Ostareliya, suka duba su da na'urar ƙara girman abu. Sai ga wani siririn yauƙi manne a jikinsu, cike da bakteriya, wato ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Cikinsu har da Cupriavidus metallidurans, wadda aka fara ganowa a 1976 a tankin dattin wata masana'antar ƙarfe a Beljiyam.

Me ya kai ta zama a kan zinariya? Neman tsira. Zinariya a dunƙule ba ta cutar da kowa, shi ya sa ake sa ta a haƙori, amma in ta narke cikin ruwan ƙasa guba ce ga waɗannan halittu. Sai ita wannan bakteriya ta mayar da narkakkiyar zuwa ƙananan ɓarɓashi masu tauri, ta huta da ita. Wata kuma, Delftia acidovorans, ba ta ma bari gubar ta shiga jikinta: wani sinadari take fitarwa da ke daskarar da zinariyar tun a waje, kamar yadda masana a jami'ar McMaster ta Kanada suka nuna a 2013. Akwai kuma masu narkarwa, irin su Chromobacterium violaceum da ke fitar da sayanayid, wata guba mai narkar da zinariya, kaɗan-kaɗan. Wannan ta narkar, ruwa ya kwasa, waccan ta tara. Har a ganyen bishiyar turare an samu ɓurɓushin zinariya kusa da garin Kalgoorlie na Ostareliya, saiwa ce ta zuƙo ta daga zurfin da ya kai mita 30.

Kada wani ya yaudare ku: ba sa ƙirƙirar zinariya. Wadda ke nan suke tattarawa, a hankali, cikin shekaru masu yawa. Duk mai cewa zai sayar muku da ruwan ƙwayoyin da ke haifar da zinariya, ku riƙe kuɗinku.

Ni ma'aikacin lafiya ne, kuma abin da ke hana ni barci shi ne ba zinariya kaɗai waɗannan halittu ke sarrafawa ba. Sau da yawa zinariya a kulle take cikin dutsen firit da danginsa masu ɗauke da asenik, wani sinadari mai guba. Akwai bakteriya irin su Acidithiobacillus ferrooxidans da ke cinye wannan dutse. Manyan kamfanoni sun mayar da su ma'aikata a cikin tankuna, a mahaƙar Fairview ta Afirka ta Kudu tun 1986, daga baya a Obuasi ta Ghana. A tanki akwai mai sa ido. A tulin ƙasar da aka haƙo aka watsar bakin rafi kuwa babu. Iska ta shiga, ruwan sama ya jiƙa, bakteriyar su ci gaba da aikinsu, sai ruwa mai asid ya riƙa tsiyayowa ɗauke da asenik da sauran ƙarafa. In kun ga ruwa ja-ja kamar tsatsa yana fita daga irin wannan tuli, kada a sha, kada a ba dabba, kada a yi ban-ruwa da shi.

Sai zaiba, wato makuri, wadda masu haƙa ke kama zinariya da ita. Na tsaya kan wani matashi yana murza ta da garin dutse da tsirarar hannunsa, ya matse a ƙyalle, ya ɗora ɗan curin a cokali bisa garwashi. Ƙaninsa na tsugune gefe yana leƙe. Tururin da ke tashi ba shi da launi, ba shi da wari, kuma dukansu biyu shaƙa suke yi. Na ce masa, "Ɗan'uwa, ina ragowar ruwan take zuwa?" Ya nuna rafi da haɓa.

A nan ne ƙwayoyin bakteriya suke karɓa. A cikin laka, inda iska ba ta kaiwa, akwai bakteriya da ke juya zaiba zuwa wani nau'i da ya fi ta muni, metilmakuri. Ita wannan ba ta saurin fita daga jiki. Ƙananan halittun ruwa su ɗauka, ƙaramin kifi ya ci su, babba ya ci ƙarami, tana ta ninkuwa har ta iso bakin mutumin da bai taɓa zuwa wurin haƙa ba. Dahuwa ba ta kawar da ita. Tana ratsa mabiyiya ta taɓa ƙwaƙwalwar ɗan tayi, uwa lafiya lau a ido, yaro ya zo da matsalar tafiya da magana. An ga haka a Minamata ta Japan daga 1956, inda wata masana'anta ta zubar da wannan guba cikin teku, kuma sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya kan zaiba a 2013. Yau ƙananan masu haƙar zinariya ne kan gaba wajen sakin zaiba cikin iska, fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da mutane ke saki.

Ba na cewa kowa ya bar sana'arsa. Roƙona dai, a tace yashin sosai tukuna, zaiba ta taɓa ɗan abin da ya rage kawai, kada a zuba ta cikin injin niƙa gaba ɗaya. A yi ƙonawa nesa da gida da wurin girki, cikin rufaffiyar tukunya mai bututu da ke kama tururin ya koma ruwa, a sake amfani da shi. A haƙa ramin tara ruwan wanki nesa da rafi da rijiya. Mata masu ciki da yara kada su kusanci wurin. Wanda kuma ya fara jin rawar hannu, ko mantuwa, ko dasashinsa na ciwo, ko yatsunsa na mutuwa, ya je asibiti, kuma ya faɗa wa likita ƙarara cewa da zaiba yake aiki.