Zaɓi Tsakanin Manhajar Jera Ayyukan Na'ura da Manhajar BPM

Manhajar jera ayyukan na'ura da manhajar tafiyar da harkokin ofis, wadda aka fi sani da BPM, kayan aiki ne da ake amfani da su don aiki mai matakai da yawa ya bi tsari daga farko har ƙarshe. Dukansu suna ƙayyade abin da zai fara da abin da zai biyo baya, shi ya sa ake yawan ɗaukar su abu guda. Inda suka rabu shi ne wanda aikin yake jira kafin ya ci gaba: na'ura ko ɗan Adam.

Manhajar jera ayyukan na'ura

Injiniyoyi ne suka ƙirƙire ta don kansu. Airflow, wadda ta fi shahara, an fara ta a kamfanin Airbnb a 2014, kuma ta zama cikakken aikin gidauniyar Apache a 2019. Da harshen kwamfuta na Python ake rubuta matakanta. Netflix ya fitar da Conductor a 2016, Amazon ma ya fitar da Step Functions a shekarar, sannan Temporal ta samo asali daga Cadence ta kamfanin Uber. Ƙarfinsu yana wajen jure tangarɗa: idan mataki ya faɗi saboda katsewar intanet, manhajar za ta sake gwadawa da kanta, ta ci gaba daga inda aka tsaya. Kamfanin hada-hadar kuɗi a unguwar Wuse ta Abuja da ke kwaso bayanan cinikin rana kowane dare, ya daidaita su da na banki, ya fitar da rahoto kafin asuba, irin wannan yake buƙata.

Manhajar BPM

Ita kuwa daga fannin gudanarwa ta fito, kuma ta girme wa ta farkon. Cikin kamfanonin da ke yin ta, an kafa Pegasystems a 1983, Appian kuma a 1999. Ana zana tsarin aiki ne da alamomin BPMN, waɗanda ƙungiyar tsara ƙa'idojin manhaja ta OMG ta fitar da bugunsu na 2.0 a 2011, hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, ta amince da su a 2013. Amfanin zanen shi ne darakta da akawu da mai binciken kuɗi za su iya zama su karanta shi ba tare da sun san rubutun kwamfuta ba, su ce nan daidai ne, nan ba haka muke yi ba.

Duk wanda ya taɓa bin fayil a sakatariyar tarayya ta Abuja ya san matsalar da aka yi BPM dominta. Takardar biyan ɗan kwangila takan tashi daga rajista zuwa sashen sayayya, ta bi ta ofishin binciken kuɗi, ta isa teburin daraktan kuɗi, sannan babban sakatare. A kowane tebur mutum take jira, kuma mutum yakan yi tafiya, yakan tafi hutu, yakan manta. BPM tana ba kowane ma'aikaci akwatin ayyukansa da fom ɗin da zai cika, ta sa wa'adi, ta ɗaga maganar zuwa sama idan wa'adin ya wuce, ta kuma ajiye tarihin wanda ya amince da lokacin da ya amince. Wannan tarihin shi ne abu mafi daraja a cikinta, musamman ga ma'aikatun da Dokar Sayen Kayan Gwamnati ta 2007 ta wajabta wa ajiye bayanan kowace kwangila. Sai dai ba ta gyara gurguwar hanya. Idan akwai sa hannu bakwai inda uku sun isa, za ta kwashe bakwai ɗin ta zuba a kwamfuta, don haka a fara tankaɗe matakan kafin a sayi komai.

Abin da ake dubawa wajen zaɓi

Tambayar farko ita ce wa zai riƙa sauya tsarin. Idan injiniya ne, kuma matakan duk tsakanin na'urori suke, manhajar jerawa ta wadatar. Idan shugaban sashe ne zai ce a ƙara mataki gobe, BPM ta fi dacewa. Iyakar da ke tsakaninsu ba ta da kaifi kamar dā: Camunda ta Jamus tana amfani da BPMN wajen haɗa ayyukan na'urori, Temporal kuma tana iya dakatawa kwanaki tana jiran amincewar mutum, amma sai an gina mata fuskar da ma'aikaci zai gani. Manyan hukumomi sukan haɗa nau'ukan manhajar biyu.

Sai maganar kuɗi. Lasisin manyan manhajojin BPM galibi da dala ake biya, kuma faɗuwar darajar naira tun Yunin 2023 ta ƙara masa nauyi. Airflow da Flowable, wata manhajar BPM, suna da nau'in da ba a biyan lasisi, amma suna cin albashin ƙwararru da kuɗin babbar kwamfutar da za ta ɗauke su da na wutar da ba ta ɗaukewa. Idan kuma a ƙetare za a ajiye bayanan mutane, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta gindaya sharuɗɗan fitar da su, kuma hukumar kare bayanai ta NDPC da ke Abuja ce ke sa ido a kai.