Tafiyar Magani a Jikin Mai Ciki da Mai Shayarwa

Idan aka sha magani, hanji ne ke tsotse shi, jini ya rarraba shi, hanta ta sarrafa shi, ƙoda ta fitar da shi. Juna biyu na taɓa kowanne daga cikin matakan nan, shi ya sa adadin da ya wadatar da mace a da kan iya gaza mata bayan ta ɗauki ciki.

Ruwan jinin mai ciki na ƙaruwa da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, sai ƙarfin wasu magunguna ya ragu a cikinsa. Aikin tacewar ƙoda ma na ƙaruwa da kusan rabi, don haka irin su litiyam (maganin taɓin hankali) da amokzisilin (maganin kashe ƙwayoyin cuta) kan fita a fitsari da wuri. Hanta ce mai wuyar sha'ani, domin takan hanzarta da wasu ta yi nawa da wasu. Lamotirijin, maganin farfaɗiya, yana ƙarewa da sauri har likita kan ƙara adadinsa, alhali kafeyin, sinadarin da ke cikin kofi da goro, na daɗewa a jiki fiye da yadda ya saba. Bayan haihuwa jiki na komawa yadda yake cikin 'yan makonni, sai a sake rage abin da aka ƙara.

An daɗe ana ɗaukar mabiyiya a matsayin katangar da ke tsare ɗan tayi. Wani magani mai suna talidomayid ne ya rushe wannan zato. An fara sayar da shi a Jamus ta Yamma a 1957, mata suka riƙa shan sa saboda laulayi, aka janye shi a 1961, amma ya sa an haifi jarirai sama da 10,000 da nakasa, musamman ta hannuwa da ƙafafu. Yawancin magunguna na ƙetare mabiyiya. Masu manyan ƙwayoyin sinadari irin su insulin da hefarin ne ba sa wucewa. Hefarin da wafarin duk magungunan hana daskarewar jini ne, amma wafarin na wucewa, dalilin da ya sa ake sauya wa mai ciki wafarin da hefarin ke nan. Lokaci ma abin lura ne: daga mako na 3 zuwa na 8 bayan shigar ciki ake ƙirar gaɓoɓi, kuma a nan haɗarin nakasa ya fi yawa. Sai dai barin magani kwatsam saboda tsoro na da nasa haɗarin, musamman ga mai farfaɗiya ko asma ko ciwon sukari.

Hukuncin nono daban ne. Abin da ke isa ga jariri yawanci kaɗan ne, kuma idan bai kai kashi 10 cikin ɗari na adadin uwa ba, bisa la'akari da nauyin jiki, galibi ana ganin ba damuwa. Wafarin ɗin da aka hana mai ciki, mai shayarwa na iya shan sa. Kodin kuwa, maganin rage raɗaɗi, ana guje masa, domin hantar wasu mata na mayar da shi mofin, wanda ya fi shi ƙarfi, da sauri, ya sa wa jariri barci mai nauyi da raunin numfashi. Bakwaini da sabon haihuwa ne abin ya fi shafa, saboda hantarsu da ƙodarsu ba su gama ƙosawa ba.