Asirin wa kuke rufawa?

Wallahi na gaji da jin "ai mun so mu kashe maganar a cikin gida". Makon jiya ma sai da na ji ta. Yaro ne ɗan ƙungiyar ƙwallon unguwa, uwarsa riƙe da hannunsa, shi kuwa idonsa na kan silifas ɗinsa har muka gama magana. Kwana tara ke nan da wani babba a ƙungiyar ya yi lalata da shi. Duk kwanakin nan manyan ƙungiya na ta zama, ana ba da haƙuri, wai kada sunan kulob ya ɓaci.

'Yan'uwa masu kula da 'ya'yan mutane, ko koci ne kai, ko malamin Islamiyya, ko shugaban 'yan agaji ko na sikawut, na san ko sisi ba a biyan yawancinku. Allah ya saka da alheri. Amma in muka kira horo kan kare yara, sai mu tarar da kujeru wayam, wai kun san mutanenku. To ai mai lalata yaro galibi sananne ne. Baƙo a ina zai samu yaro shi kaɗai a ɗakin ajiye kaya?

Bayan an yi lalata da yaro, maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi, na hana ɗaukar ciki kuma cikin awa 120. In lokacin ya wuce, ya wuce. Kuna can kuna sulhu, lokaci na ƙurewa. Kuma wa ya ba ku ikon yafewa? Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Wannan magana ta 'yan sanda ce da kotu, kwamiti ba shi da hurumi.

In yaro ya faɗa maka, ka saurara, ban da "ka tabbata?". Kada ka yi masa alkawarin yin shiru. Kada a yi masa wanka ko a wanke kayansa, a wuce asibiti a ranar. A Kano akwai cibiyar Waraka, mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, a asibitin Murtala, kyauta ne. Wanda ake zargi a nisanta shi da yara nan take. Babba kada ya keɓe da yaro, ko a ɗaki, ko a kan babur, ko a WhatsApp.

Yaron nan dai ya daina zuwa fili. Na tambayi uwarsa ina mutumin, ta ce har yanzu makullin ɗakin ƙwallaye yana hannunsa.