Waiwaye: Yadda lasisi ya shiga tsakanin makitsiya da ɗalibarta a Amurka

Da wuya shekara ta wuce ba a tayar da maganar kitso a majalisar dokokin wata jiha ta Amurka ba. Tambayar ba ta canzawa: sai mace ta mallaki lasisin gwamnati kafin ta yi wa wata kitso ta karɓi kuɗi? Jihohi fiye da 30 sun riga sun ce ba sai ta mallaka ba. A sauran, akwai inda ake neman ta zauna a makaranta na ɗaruruwan awoyi tukuna. Masu son a bar lasisin suna cewa lafiyar jama'a suke karewa, masu son a soke shi suna cewa an toshe wa mata baƙar fata hanyar cin abinci ne kawai. Wanda ya tsinci gardamar a Facebook zai zaci jiya aka fara ta, ko ya ɗauka zuwan matan Afirka ta Yamma birnin New York ne ya haife ta. Maganar ta girmi duk masu yin ta.

Farkon labarin sananne ne. An kwashi mutane daga Afirka a matsayin bayi, da yawansu an aske musu kai tun kafin su sauka daga jirgi, amma kitso bai mutu ba, uwa ta ci gaba da yi wa 'yarta a bakin bukka. A 1786 aka yi doka a Louisiana cewa mata baƙar fata su rufe gashinsu da ɗankwali a bainar jama'a. A farkon ƙarni na 20, Annie Malone da Madam C.J. Walker suka gina babban kasuwanci a kan man gashi da miƙar da shi da ƙarfe mai zafi, Malone har ta buɗe kwalejin koyar da gyaran gashi mai suna Poro a birnin St. Louis a 1918, kuma dubban mata suka sami sana'a ta hannunsu. Bayan nan, a shekarun 1920 da 1930, jihohi suka bi juna suna kafa dokar lasisin gyaran gashi da kwalliya. Ta birnin Washington an yi ta a 1938.

Adalci ne a faɗi cewa dokokin nan suna da dalili a lokacinsu. Sana'ar da aka rubuta su dominta tana amfani da rini, da sinadarin da ke iya ƙona fatar kai, da almakashi, da ƙarfen da aka ɗora a wuta. Masu gyaran gashi baƙar fata da yawa sun karɓi lasisi hannu bibbiyu, domin ya ba sana'arsu mutunci a ƙasar da ke raina duk abin da ya fito daga hannunsu. Shagunansu kuma sun zama mafaka ga al'umma, tunda mai shago ba ta cin abinci a ƙarƙashin farar fata, ba mai korar ta daga aiki idan ta shiga gwagwarmaya. Bernice Robinson, wadda ta fara koyar da manya karatu a tsibirin Johns na South Carolina a 1957 don su sami damar rajistar zaɓe, mai gyaran gashi ce. Matsalar tana cikin manhajar: ba a sa kitso a cikinta ba, amma an rubuta dokar da faɗin da ya haɗiye duk wanda ya taɓa gashin wani don kuɗi. Shekaru da dama ba wanda ya lura, domin kitso a gida ake yin sa.

Da shekarun 1960 da 1970 suka zo, baƙar fata suka koma alfahari da gashinsu yadda Allah ya yi shi, kitso ya fito daga tsakar gida ya shiga shago, sai ya yi karo da dokar da ba ta san da zamansa ba. Taalib-Din Uqdah da matarsa Pamela Ferrell sun buɗe shagon Cornrows & Co. a Washington a 1980, suna koya wa mata marasa aiki kitso suna ɗaukar su aiki, sai aka ci su tara don ba su da lasisin da ke cin awa 1,500 na karatu. A 1991 ƙungiyar lauyoyi ta Institute for Justice, wadda a shekarar aka kafa ta, ta ɗauki ƙararsu a matsayin shari'arta ta farko, kuma a ƙarshen 1992 majalisar birnin ta sassauta dokar. A 1997 aka kama Isis Brantley a shagonta da ke Dallas a jihar Texas, laifinta kitso ba lasisi. A 1999 wata kotun tarayya a California ta ba JoAnne Cornwell gaskiya, ta ce ba hankali a tilasta wa mai wannan sana'a awa 1,600 na karatun da ɗan kaɗan ne daga cikinsa ya shafi aikinta. Waɗannan su ne labaran da ake yawan maimaitawa.

Wanda ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne abin da ya faru a Mississippi tsakanin 2004 da 2005, kuma a ganina nan ne akalar maganar ta juya. Melony Armstrong, makitsiya a garin Tupelo, ba ta cikin waɗanda aka kama ko aka rufe wa shago. Ta bi doka sau da ƙafa. A lokacin, jihar tana da wata 'yar ƙofa: wadda ba za ta iya awa 1,500 na cikakken lasisi ba tana iya yin awa 300 ta karɓi lasisin gyaran hular gashi, ta yi kitso a ƙarƙashinsa. Ta nemi inda ake koyar da wannan darasi da ƙyar, ta yi, ta karɓi takardarta, ta buɗe shagonta mai suna Naturally Speaking a 1999. Da a ce bukatarta ita ce ta ci abinci ita kaɗai, da ta yi shiru daga nan.

Amma mata suka riƙa zuwa suna cewa ta koya musu. Nan ta tarar da bango na biyu, wanda ya fi na farko tsawo. Kafin ta koyar da kitso yadda doka za ta amince da ɗalibanta, sai ta ƙara awa 3,200 a makaranta, ta zama cikakkiyar mai kwalliya sannan ta zama malamar kwalliya. In mutum yana zuwa aji awa takwas a rana, kwana biyar a mako, wannan mako 80 ke nan, sama da shekara ɗaya da rabi, shago a rufe, kuɗin makaranta na fita, kuma a darussan da ba kitso ake koyarwa ba. Wato wadda ta fi kowa iya abin a garin ba ta da izinin koyar da shi, waɗanda ke da izinin koyarwa kuma ba a taɓa neman su iya shi ba.

Duk wanda ya tashi a gidan Hausawa ya san yadda ake koyon kitso. Yarinya tana zaune gefen makitsiya tana miƙo kibiya da man kitso. Sai a ba ta tsifa, ta yi ta warware na wasu har yatsunta su gane yadda aka ɗora shi. Sai a bar ta ta ƙarasa jelar da aka riga aka kama, sannan wata rana a ce ta tsaga da kanta, a duba a ce layin ya karkace, ta warware ta sake. Kan ƙanwarta ne allonta na farko. A nan take koyon abin da ba a rubuta shi a littafi: yadda za a kama gashin gaban goshi ba a ja shi har ya zube ba, yadda za a gane kan da ke da makero ko ƙwarƙwata tun kafin a sa hannu, yadda za a lallashi yarinya mai kukan kitso. Haka aka koye shi a Dakar da Bamako da Kano, haka kuma jikokin bayi suka koye shi a Mississippi. Dokar lasisi ta zo ta ce ilimi shi ne awoyin da aka ƙirga a ginin da aka yi wa rajista, sai ta yanke wannan igiyar da ke tsakanin babba da ƙarama. Tara da kamu suna cutar da mutum ɗaya a lokaci ɗaya. Hana koyarwa kuwa yana hana sana'ar ta hayayyafa, kuma shi ne ya sa al'ummar da ke son ta taimaki 'ya'yanta da abin da ta iya ta rasa hanyar yi a fili.

A 2004 Armstrong ta shigar da ƙara, kuma abin lura shi ne ba ita kaɗai ta shigar ba: mata biyu masu son koyo a hannunta suka tsaya tare da ita, malama da ɗalibai a takarda ɗaya. Ba a jira hukuncin kotu ba. Da majalisar jihar ta zauna a 2005, ta riƙa zirga-zirga daga Tupelo zuwa Jackson, babban birnin jihar, tafiyar kusan kilomita 300, tana bin 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya tana yi musu bayanin abin da kitso yake da abin da ba shi ba, domin da yawansu ba su taɓa ganin yadda ake yin sa ba. A watan Afrilu aka sa hannu a sabuwar doka. Abin da dokar ta nema daga makitsiya kaɗan ne: ta yi rajista da dala 25, ta amsa tambayoyin gwajin kai a kan tsafta, ta liƙa ƙa'idojin lafiya a bangon shagonta.

Sakamakon ya fito a lissafi. Wani rahoto da Institute for Justice ta fitar a 2016 ya nuna cewa a 2012 Mississippi tana da makitsa masu rajista sama da 1,200, alhali maƙwabciyarta Louisiana, wadda ta fi ta yawan baƙar fata amma take neman awa 500 na makaranta, tana da 32 kacal. Ba wanda zai yarda cewa mata 32 ne ke kitso a duk faɗin Louisiana. Sauran suna yi a ɗakunansu, labule a sake, ba su iya kafa allo a ƙofa, ba su iya neman rancen banki, ba su iya ɗaukar yarinya aiki da sunanta a takarda. Rahoton ya kuma duba koke-koken da ake kaiwa a kan makitsa ya tarar da su ƙalilan ne ƙwarai, ko a jihar da ke neman awoyi masu yawa na makaranta ko a wadda ba ta neman ko ɗaya.

Texas ta maimaita darasin bayan shekara goma. A 2007 jihar ta ware wa kitso ƙaramin lasisi na awa 35, kowa ya ce an gama. Amma da Isis Brantley ta so ta koyar da waɗannan awoyi 35 a makarantarta, sai dokar ta ce wurin ya zama cikakkiyar kwalejin wanzamai: fili mai murabba'in ƙafa 2,000, kujerun aski 10, da wurin wanke kai 5, a sana'ar da ba a wanke kai a cikinta. A Janairun 2015 kotun tarayya ta soke waɗannan sharuɗɗa, bayan 'yan watanni kuma majalisar jihar ta cire kitso daga lasisi gaba ɗaya, shekara 18 bayan kamun da aka yi mata.

Kada a ɗauka kotu ce ke warware matsalar ko yaushe. A Missouri, Ndioba Niang da Tameka Stigers sun sha kaye har a kotun ɗaukaka ƙara a Janairun 2018, majalisar jihar ce ta canza dokar a wannan shekarar. Kuma lauyoyin da ke ɗaukar waɗannan ƙararraki kyauta suna da tasu aƙidar ta rage hannun gwamnati a kowace sana'a, wadda ba kowace makitsiya ce ta yarda da ita ba. An haɗu ne a kan bukata ɗaya. Abin da ya riƙe matan tsawon shekarun da shari'a ke ja shi ne mutanensu: masu zuwa kitso da suka ƙi guduwa ko da sun san shagon ba takarda, ƙungiyoyin makitsa irin wadda Uqdah ya kafa, da 'yan'uwa da ke ba sabuwar zuwa kujera a kusurwar shago har ta tsaya da ƙafarta.

Wannan ya fi bayyana a titi na 125 da ke Harlem da kuma unguwar Bronx a birnin New York, inda matan Senegal da Mali da Gini da sauran ƙasashen yankinmu suka cika shaguna tun daga shekarun 1980 da 1990. New York tana da lasisi na musamman na awa 300 ga masu gyaran gashi ba da sinadari ba, wanda a takarda sassauci ne. Amma ga matar da ta shekara 20 tana kitso, wadda Wolof ko Bambara ko Fulatanci ne bakinta, kuma ba ta yi boko mai nisa ba, zama a aji da rubuta jarrabawa wani dutse ne. Da adashi da yawansu suke tara kuɗin hayar shago, kuma ƙungiyar African Communities Together ta daɗe tana tattara kokensu tana kaiwa gaban masu yin doka.

Damuwar masu cewa a kula da lafiya ba ta banza ba ce. Kitso mai tsauri yana cinye gashin gaban kai, gashin doki mai nauyi yana ƙara abin, mataji ɗaya da ya bi kawuna goma ba a wanke ba yana yaɗa cuta. Sai dai waɗannan abubuwa ne da ake koya a 'yan awoyi, kuma wadda ta fi cancanta ta koyar da su ita ce makitsiyar da ta ga irinsu a kan ɗaruruwan mata. A 2019 California ta zama jiha ta farko da ta yi dokar hana a wulaƙanta mutum a wurin aiki ko makaranta saboda kitsonsa, jihohi da dama kuma suka bi sahu. A wasu daga cikin jihohin Amurka a yau, doka tana kare matar da ta je ofis da kitso a kanta, amma wadda ta yi mata kitson har yanzu sai ta biya kuɗin makaranta ta cika awoyi kafin ta rataya allo a ƙofar shagonta.