Waiwaye: Yadda gundumar McDowell ta rasa mutum huɗu cikin biyar

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato a Amurka, sai 'yan jarida su nufi gundumar McDowell da ke kudancin jihar Virginia ta Yamma, cikin tsaunukan Appalachia. Su ɗauki hoton shagunan da aka garƙame a garin Welch, hedikwatar gundumar, su tare wani tsohon mai haƙar kwal su tambaye shi wa zai zaɓa, su koma. Daga nan muhawara ta tashi. Wasu su ce dokokin kare muhalli ne suka kashe sana'ar kwal. Wasu su ce arhar iskar gas ce ta sa tashoshin lantarki suka juya wa kwal baya. Wasu kuma su ɗora komai a kan ƙwayoyin kashe raɗaɗi da suka ci rayukan matasa. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, sai dai dukansu labarin shekaru ashirin da suka wuce suke bayarwa. Alƙaluman ƙidaya kuwa sun nuna cewa babbar ɓarnar ta auku tun yawancin masu muhawarar ba su zo duniya ba.

Farkon labarin sananne ne. A 1880 mutum 3,074 kacal ke zaune a gundumar, manoma ne a kwaruruka masu wuyar shiga. Da layin dogo ya ratso wajajen ƙarshen ƙarni na 19, aka buɗe ramukan kwal mai kyau wanda masana'antun ƙarfe ke rububi. Leburori suka kwararo: baƙaƙen fata daga jihohin kudu, baƙi daga Italiya da Hungary da Poland, da 'yan ƙasa da suka ajiye garma. A 1910 an ƙirga 47,856, a 1930 an kai 90,479, a 1950 kuma aka kai ƙololuwa da mutum 98,887. Shekaru da dama McDowell ce ta fi kowace gunduma a Amurka fitar da kwal. Baƙaƙen fata sun yi ƙarfi a siyasar wurin, har ma daga garin Keystone aka samu Minnie Buckingham Harper, baƙar mace ta farko da ta zauna a majalisar dokokin wata jiha a Amurka, a 1928.

Abin da ake tsallakewa shi ne shekaru ashirin da suka biyo baya. Ƙidayar 1960 ta samu mutum 71,359. Ta 1970 ta samu 50,666. Wato mutum fiye da 48,000 sun tattara sun tafi, kusan rabin jama'ar gundumar, kafin a sa hannu a babbar dokar tsaftace iska ta 1970, kuma shekaru kusan arba'in kafin iskar gas ta yi arhar da ake magana a kai. A ganina wanda bai tsaya a kan waɗannan shekaru ba, ba zai gane McDowell ba.

Sai mutum ya san yadda ake aikin rami a da kafin ya gane abin da ya faru. Ana sare ƙasan bangon kwal da inji, a huda, a cusa nakiya a fasa. Daga nan sai masu lodi su shiga da shebur, a duƙe ko a durƙushe saboda rufin ramin bai kai tsayin mutum ba a wurare da yawa, su cika taragai. A kan tan ake biyansu. Aiki ne mai karya baya, amma yana cin mutane da yawa, kuma shi ya cika garuruwan. Injin lodi ya fara rage hannaye tun shekarun 1930. A ƙarshen shekarun 1940 kuma aka fito da injin da ke haɗa komai: yana da haƙoran ƙarfe masu juyawa da ke ƙwaƙule bango, ya kwashe kwal ɗin da kansa ya tura baya. Ba nakiya, ba shebur. 'Yan mutane kaɗan suka riƙa yin aikin da a da sai ayari guda.

A daidai wannan lokaci kasuwa ma ta juya. Jiragen ƙasa sun koma amfani da man dizal, gidaje a birane sun koma ɗumama ɗaki da mai da gas. Ramin da bai sa inji ba, ba zai iya gasa ba. A faɗin jihar, masu haƙar kwal sun haura 100,000 a 1950, amma zuwa 1960 ba su kai 50,000 ba. Kwal ɗin bai ƙare ba, kuma ba a daina haƙarsa ba. A 1997 ne ma jihar ta fitar da kwal mafi yawa a tarihinta, da ma'aikatan da ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na 1950 ba.

Inji ya shiga gonaki da masana'antu a wurare da yawa ba tare da ya kwashe rabin gari ba. Abin da ya sa McDowell ta sha bamban shi ne yadda aka gina ta tun farko. Yawancin garuruwanta sansanonin ma'aikata ne. Gidan da mutum ke kwana na mai ramin ne, kantin da yake cefane nasa ne, likitan da ke duba 'ya'yansa ma daga albashi ake cire kuɗinsa. Ranar da aka sallami mutum, gida da aiki ya rasa a lokaci guda. Ba shi da gonar da zai koma, don tun shekarun 1880 aka saye manyan filaye da arzikin da ke ƙarƙashinsu, kuma har yau fiye da rabin filayen da ba na gwamnati ba a gundumar suna hannun 'yan tsirarun masu mallaka. Ga ƙasar kanta tsaunuka ce masu gangare, shimfiɗaɗɗen wurin da za a kafa masana'anta kaɗan ne, shi ma a bakin rafi inda ambaliya ke bi. Tun ran gini ran zane, in ji Bahaushe. Gundumar da aka gina a kan sana'a ɗaya ba ta da inda za ta zuba mutanen da sana'ar ta saki.

Sai suka ɗora katifu a kan motoci suka nufi biranen Columbus da Cleveland da Detroit, inda masana'antu ke ɗaukar ma'aikata a lokacin. Baƙaƙen fata ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu, domin su ne suka fi yawa a aikin lodi da hannu, kuma ba kasafai ake ba su tuƙin sabon inji ba. A 1950 kusan mutum ɗaya cikin huɗu a gundumar baƙar fata ne. Unguwanni da majami'u da makarantunsu suka riƙa zama fayau. Waɗanda suka tafi kuma su ne masu ƙarfi a jika, masu shekarun aure da haihuwa. Gari in ya rasa 'yan shekara ashirin da biyar, har da 'ya'yan da za su haifa da jikokinsu ya rasa, kuma wannan giɓi ba ya bayyana sosai sai bayan shekaru talatin ko arba'in. Waɗanda suka tsira da aikinsu ma ba su tsira da lafiya ba, don sabon injin yana tayar da ƙura fiye da shebur, ciwon baƙin huhu ya yi ta cin su.

Yunwa ta riga ta shiga tun lokacin. John Kennedy ya zagaya yankin a yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa na 1960, abin da ya gani ya girgiza shi. Da aka fara gwajin shirin takardun sayen abinci da gwamnati ke bai wa talakawa a watan Mayun 1961, wani iyali mai mutum 15 a McDowell ne ya fara karɓa a duk faɗin Amurka, takardun dala 95. Shekara 11 ke nan kacal bayan ƙololuwar arziki.

Abin da ya biyo baya ci gaban gangara ne. Tsadar man fetur a shekarun 1970 ta farfaɗo da kwal, yawan jama'a ya ɗan tsaya, 49,899 a 1980, har wasu suka ɗauka an warke. Ba a yi amfani da wannan sararin aka kafa wata sana'a ba. Da masana'antun ƙarfe suka shiga matsala a shekarun 1980 aka rufe manyan ramuka, ƙidayar 1990 ta sauka zuwa 35,233. Ambaliyar 2001 da ta 2002 ta share gidaje da yawa, wasu ba a sake gina su ba. A wannan ƙasa mai cike da tsofaffin ma'aikata masu ciwon baya da matasa marasa aiki ne ƙwayoyin kashe raɗaɗi suka sauka, shi ya sa suka yi ɓarnar da suka yi, har kakanni da yawa suka koma riƙon jikoki. Wani bincike da aka fitar a 2013 ya nuna namiji a McDowell yana sa ran rayuwar shekara 64, alhali a gundumar Fairfax ta jihar Virginia, tafiyar yini ɗaya a mota, kusan 82 ne.

Ƙidayar 2020 ta samu mutum 19,111, kuma cikinsu har da fursunonin gidan yarin tarayya da aka buɗe kusa da Welch a 2010. Masu mutuwa sun fi waɗanda ake haifa. Har yanzu ana haƙar kwal a gundumar, jiragen ƙasa na fita da shi zuwa tashar jiragen ruwa don masana'antun ƙarfe na ƙasashen waje. Masu alƙawarin dawo da kwal za su iya ƙara yawan tan ɗin da ke fita, amma injinan yau sun fi na 1950 rage hannu nesa ba kusa ba, kuma filayen da za a gina wani abu dabam a kai suna nan a hannun da suke.