Jegon kyanwa da renon 'ya'yanta

Jegon kyanwa shi ne lokacin da ya fara daga haihuwa har zuwa yaye, wato kimanin mako takwas. Kyanwa, wadda ake kuma kira mage ko mussa, tana ɗaukar ciki na kwana 63 zuwa 65, kuma yawanci takan haifi 'ya'ya uku zuwa biyar, ko da yake akan samu ɗaya tilo ko fiye da shida. 'Ya'yan kan zo duniya idanu a rufe, kunnuwa a toshe, nauyin kowanne bai wuce giram 85 zuwa 115 ba. Kusan duk aikin renonsu uwar ce ke yi, ba tare da an koya mata ba. Abin da ke kan mai kyanwa shi ne ya tanadi wuri mai ɗumi da abinci wadatacce, ya rage hayaniya, sannan ya sa ido don ya gane matsala tun tana ƙarama.

Sa'o'in farko

Da ɗa ya faɗo, uwar kan yage jakar da ya zo a ciki, ta lashe fuskarsa har ya fara numfashi, ta gutsure cibiyar da haƙori. Kowane ɗa yana da mabiyiyarsa, kuma uwar kan cinye ta, wanda ba abin damuwa ba ne. Yana da kyau a ƙirga mabiyiya a ga ta yi daidai da yawan 'ya'yan, domin wadda ta maƙale a ciki takan jawo ciwon mahaifa. Tsakanin ɗa da ɗa akan ɗauki minti goma zuwa awa ɗaya, wata kyanwar ma takan dakata ta huta na sa'o'i da yawa tana shayar da waɗanda ta haifa kafin ta ci gaba. Amma in tana yunƙuri da ƙarfi har rabin awa ba abin da ya fito, wannan sai likitan dabbobi.

Dakashi, wato nonon farko, shi ke ba 'ya'yan garkuwa daga cututtuka, kuma hanjinsu yana iya ɗaukar wannan garkuwar ne a ranar farko kawai. Saboda haka duk ɗan da aka ga bai kama nono ba, a matsar da shi a hankali zuwa kan nonon uwar. Akwai wani yanayi da ba a cika gani ba, inda uwa mai jini rukunin B kan haifi 'ya'ya masu rukunin A, sai dakashinta ya riƙa lalata jininsu. Alamarsa ita ce fitsari ja ko ruwan ƙasa da kasala a kwanakin farko.

Makwanci da ɗumi

Kyanwa mai jego tana son lungu mai ɗan duhu, inda ba a yawan kai da kawo. Kwali mai faɗi ya wadatar, muddin uwar za ta iya miƙewa a ciki kuma bakinsa na da tsayin da zai hana 'ya'yan gangarowa. A shimfiɗa tsumma mai laushi wanda ba ya zare, domin zare kan naɗe ƙafar jinjiri ya tsare jini, kuma a canja shi in ya jiƙe. Kwanon abinci da na ruwa su kasance kusa, tukunyar yashin da take kashi kuma a ɗan nesa kaɗan. Muzuru da karnuka da sauran dabbobin gida a hana su shiga. In kyanwa ta ga an dame ta, takan ɗauki 'ya'yanta ɗaya bayan ɗaya a ƙeya ta sake musu wuri, kuma sau da yawa sabon wurin bai kai na farko aminci ba.

Sanyi yana cikin manyan abubuwan da ke kashe 'ya'yan kyanwa, kuma mutane da yawa ba sa ɗaukarsa da muhimmancin da ya kamata. Jinjirin kyanwa ba ya iya riƙe zafin jikinsa sai ya kai mako uku zuwa huɗu. Da jikin uwarsa da na 'yan'uwansa yake ɗumi, shi ya sa ake ganinsu a cure wuri ɗaya. In uwar ba ta nan, makwancin na bukatar zafin da ya kai digiri 29 zuwa 32 a ma'aunin Salsiyas a makon farko, sannan a riƙa ragewa sannu a hankali. Kwalbar ruwan ɗumi da aka naɗe da tsumma tana yin aikin, amma a ajiye ta a gefe ɗaya domin wanda zafi ya dama ya samu wurin matsawa. Ɗan da jikinsa ya yi sanyi ba a ba shi madara sai an ɗumama shi tukuna, a hankali, domin cikin da ya yi sanyi ba ya narkar da abinci.

Abincin uwar da lafiyarta

Shayarwa ta fi ciki cin jikin kyanwa. A mako na uku zuwa na huɗu takan bukaci ninki biyu zuwa uku na abin da ta saba ci. Abincin da aka haɗa don ƙananan kyanwoyi ya fi dacewa da ita, saboda ya fi ƙarfi da yawan furotin, kuma a bar shi a gabanta ta ci duk lokacin da ta so. Ruwa mai tsabta kada ya yanke. Kyanwa maciyar nama ce, tana bukatar wani sinadari mai suna taurine da ake samu a nama da kifi, don haka ragowar hatsi ba zai riƙe mai shayarwa ba.

Jinin biƙi kaɗan-kaɗan, ja mai duhu marar wari, na iya zuba har zuwa mako uku. In ya yi ɗoyi ko ya yawaita, ga zazzaɓi da ƙin abinci, to mahaifa ta kamu. Nonon da ya kumbura, ya yi tauri da zafi, har uwar tana ƙin a taɓa, alamar ciwon nono ce. Akwai kuma ƙarancin kalsiyam a jini, wanda kan sa rawar jiki, haki, tafiya a sandare, wani lokaci har faɗuwa kamar mai farfaɗiya, kuma yana kisa cikin sa'o'i in ba a gaggauta ba. Duk waɗannan na likita ne. Kada a taɓa ba kyanwa maganin mutane: farasitamol guba ne gare ta, ƙwaya ɗaya ma tana iya kashe ta.

Girman 'ya'yan

Jinjiri mai lafiya nono da barci ne aikinsa, cikinsa a cike, jikinsa da ɗumi. Ba abin da ya kai ƙaramin sikeli amfani a wannan lokaci. A auna kowanne kullum a lokaci ɗaya a rubuta. Ɗa mai lafiya yana ƙara giram 10 zuwa 15 a rana, kuma kafin mako biyu ya ninka nauyin haihuwarsa. Wanda nauyinsa ya tsaya ko ya ragu yana cikin haɗari ko da ido bai nuna ba, haka ma mai yawan kuka ko wanda ya ware gefe shi kaɗai. Irin waɗannan kan mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, don haka jira a gani ba dabara ba ce.

Cibiya kan bushe ta faɗi wajen kwana uku zuwa biyar. Idanu kan buɗe tsakanin kwana 7 da 14, da launin shuɗi, kuma ba a ɓare su da hannu. Haƙoran nono na fara tsirowa daga mako biyu zuwa uku, lokacin da 'ya'yan ke fara tafiya suna tangaɗi. Har zuwa mako uku ba sa iya fitsari ko kashi da kansu, sai uwar ta lashi ƙasan cikinsu.

Marayu

In uwar ta mutu ko ta ƙi 'ya'yan, mafi alheri shi ne a samu wata kyanwa mai jego, domin sau da yawa sukan karɓi ɗan wata. In babu, sai madarar gari da aka haɗa musamman don 'ya'yan kyanwa, duk bayan awa biyu zuwa uku, dare da rana, a makon farko. Madarar shanu ba ta ƙosar da su, kuma tana sa su zawo. Ana shayar da jinjirin yana kwance rub da ciki kamar yadda yake kan nonon uwarsa, domin in aka kwantar da shi rigingine madara na iya shiga huhunsa. Bayan kowace shayarwa a goga masa ƙasan ciki da auduga mai ɗumi har ya yi fitsari. Aiki ne mai hana barci, amma makonni uku na farko ne suka fi wuya.

Ƙuma, tsutsa da rigakafi

Ƙuma kan tsotse jinin jinjiri har dasashinsa ya yi fari. A cire ta da mataji mai ƙananan haƙora, a wanke shimfiɗa, a tambayi likita maganin da ya dace da uwar. Maganin ƙuma na karnuka mai sinadarin fametirin (permethrin) yana kashe kyanwa. Tsutsar ciki kuma tana bin nono ta shiga 'ya'yan, shi ya sa ake fara ba su magani daga mako uku, tare da uwar. Allurar rigakafi ta farko kan zo tsakanin mako shida zuwa tara.

Yaye

Wajen mako huɗu 'ya'yan kan fara lasar abinci mai laushi a faranti marar zurfi, su kuma koyi shiga yashi ta hanyar kallon uwarsu. Yaye kan kammala a mako takwas zuwa goma. Tsakanin mako biyu da bakwai ne ɗan kyanwa ke sabawa da mutane, don haka a riƙa ɗaukarsa a hankali na 'yan mintoci kowace rana, da hannu wankakke. Wanda ya wuce wannan lokaci bai san hannun mutum ba yakan tashi da tsoro. Bai kamata a raba su da uwar kafin mako takwas ba, kuma barinsu har mako goma sha biyu ya fi, domin a wasa da 'yan'uwansu suke koyon rage cizo da yaƙushi.

Kyanwa na iya neman barbara ta ɗauki sabon ciki 'yan makonni bayan haihuwa, tun tana shayarwa. Wanda ba ya son ƙarin 'ya'ya sai ya tsare ta daga muzuru, sannan bayan yaye, in nono ya ƙafe, likita ya yi mata aikin hana haihuwa. 'Ya'yan mata su ma suna iya ɗaukar ciki tun suna wata huɗu zuwa shida.